Aska da Mawashi: Waiwaye Kan Wanzanci a Garinmu

Idan muka waiwayi tarihin garinmu, za mu tarar wanzanci gado ne. Yaro kan fara da ɗaukar zabirar mahaifinsa. Ba a barinsa ya taɓa kan mutum sai ya ƙware wajen wasa aska a mawashi, yana goga ta a guntun fata har ta yi kaifi. Sannan ya gwada a kan ƙannensa. Askin suna kuwa, sai hannunsa ya faɗa.

Bayan ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, jama'a suka koma ga reza da kilifa. Yau masanan wannan sana'a sun ƙaranta. Wajibi ne ƙungiyarmu ta zauna da Sarkin Aska, mu rubuta tarihinsu tun dattawan suna raye.