Asalin Sunan Keltoi da Yadda Ya Ƙaura Zuwa Tsibiran Birtaniya

Kalmar da Turawa ke rubutawa Celt, ake furta ta "Kelt", ta hannun Girkawa ta fara shiga rubutu. Wajen shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin labarin ƙasa Hekatayus na Miletus ya ambaci wasu mutane da ya kira Keltoi, mazauna kewayen Masaliya, wato birnin Marseille na kudancin Faransa a yau. Bayansa Herodotus ya ce daga ƙasarsu kogin Danube yake tasowa. Romawa suka ɗauki sunan, suka mai da shi Celtae.

Shaidar da ta fi nauyi ita ce ta Yuliyus Kaisar, wanda ya ci ƙasar Gaul da yaƙi tsakanin 58 da 50 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya rubuta cewa mutanen tsakiyar ƙasar da bakinsu suke kiran kansu Celtae, alhali Romawa na ce musu Galli. Ke nan sunan ba baƙi ne suka laƙaba musu ba. Ma'anarsa ce masana harshe suka saɓa a kai: wasu sun danganta shi da tsohuwar saiwar kalma mai nufin ɓoyewa, wasu duka, wasu kuma ɗaukaka. Masu ra'ayin farko suna kafa hujja da cewar Kaisar, wai mutanen Gaul suna iƙirarin su jikokin abin bautar ƙarƙashin ƙasa ne. Hujja ce mai daɗin ji, amma ba ta yanke gardama ba.

Abin lura shi ne, babu marubucin zamanin da ko ɗaya da ya kira mutanen Birtaniya ko Ayalan da wannan suna. Sai a 1707 Edward Lhuyd, mutumin Wales, ya kwatanta harsunan Wales, Ayalan, Cornwall da Brittany, ya nuna danginsu ɗaya, ya kira su na Kelt, yana bin sawun Bafaranshe Pezron da ya yi rubutu a 1703. A 1707 ɗin ne kuma Ingila da Sukotilan suka haɗe ƙarƙashin sunan Birtaniya, don haka sabon sunan ya zo daidai da bukatar waɗanda ba sa son a lissafa su cikin Ingilishi.

Dangantakar harsunan tabbatacciya ce. Amma a Gaul, inda aka san masu sunan na asali, harshensu ya ɓace, Latin ya maye gurbinsa, daga gare shi kuma Faransanci ya fito.