Wutar da allunan kwamfuta irin ta da suke buƙata

Masu sha'awar haɗa kwamfuta irin ta da kan yi amfani da ƙwaƙwalwar Z80, wadda kamfanin Zilog ya fitar a 1976, kamar yadda take a allon RC2014. Volt 5 irin waɗannan alluna suke ci. In wuta ta haura haka sosai, sassansu kan ƙone.

Hanya mafi sauƙi ita ce cajar waya ta USB. Batirin ajiyar caji ma yana yi, sai dai wasu kan kashe kansu idan allon bai ja wuta da yawa ba.

Mai batirin sola na volt 12 sai ya rage ƙarfin wutar. Na'urar 7805 tana da araha, amma zafi take mai da rarar volt 7: a rabin amfiya, watt 3.5 ke nan. LM2596 ta fi ta tattalin wuta. Batirin 18650 kuwa volt 3.7 yake bayarwa, dole a ɗaga shi zuwa 5.

Allon nuni na HD44780 yakan yi aiki da volt 5, guntun SSD1306 kuma 3.3 yake so. A auna wutar da mita kafin a jona.