MAI DABON DA BA YA ƁOYE CEWA DABO NE

Mai karatu, yau ga labarin mutumin da ya shekara hamsin yana rufe idon jama'a, amma kullum sai ya faɗa musu cewa rufa-ido ne. Sunansa Penn Jillette, an haife shi a 1955 a garin Greenfield, jihar Massachusetts ta Amurka.

Abin mamaki, da farko ya tsani dabo. Kamar yadda shi da kansa yake bayarwa, yana yaro ya ga wani a talabijin yana da'awar karanta abin da ke zuciyar mutum. Ya gaskata, har iyayensa, waɗanda ba masu hali ba ne, suka saya masa kayan gwajin da mutumin ke talla. Daga baya ya ci karo da sirrin a cikin wani littafi a laburare: ashe wayo ne kawai! Abin ya ƙona masa rai. Babba guda ya yi wa yaro ƙarya don kuɗi?

Sai ya koma wasan cilla ƙwallaye da wuƙaƙe yana cafewa, har ya shiga makarantar 'yan wasan barkwanci ta Ringling. Wanda ya sauya masa tunani shi ne James Randi, mai dabon da ke fitowa fili ya ce duk abin da yake yi dabara ce. Nan Penn ya gane ashe ana iya wannan sana'a ba tare da cin amana ba.

A 1975 ya fara wasa tare da Teller, malamin Latin a makarantar sakandare. Penn dogo ne, ga surutu. Teller kuwa ba ya cewa uffan a dandali. A 1985 sunansu ya fito a New York, a 2001 kuma suka samu zaunannen dandali a otal ɗin Rio na Las Vegas. Akwai tsohon wasan nan na ɓoye ƙwallo a ƙarƙashin kofuna. Su sai suka riƙa yin sa da kofunan da ake ganin cikinsu. Kana kallon komai, amma hannu ya fi idonka sauri.

Daga 2003 zuwa 2010 sun yi shirin talabijin na tonon asirin masu da'awar magana da matattu da masu maganin bogi. A 2012 Penn ya buɗe shirinsa na murya a intanet, wato fodkas, mai suna Penn's Sunday School, inda ba dabo, sai hira da muhawara. Ra'ayoyinsa da dama, musamman rashin yardarsa da addini, sun sa mutane da yawa sun yi hannun riga da shi.

To, mene ne abin ɗauka? Dabarar mai dabo da ta ɗan damfara iri ɗaya ce. Bambancin shi ne, na farko ya gaya maka wasa ne, ka biya kuɗin kallo, ka koma gida da dariya. Na biyu kuwa ya rantse maka gaskiya ce, ya ce zai ninka maka kuɗi, ka koma gida da kuka. Saboda haka ɗan'uwa, in ka ga abin da ya ɗaure maka kai, kada ka yi saurin buɗe aljihu. Tambayi kanka tukuna: me mutumin nan yake so a wurina?