Majalisa da Talaka: Waiwaye Daga Kaduna Zuwa Abuja

A taronmu na bara wani matashi daga cikin 'ya'yan garin nan mazauna birni ya tare ni a bakin zaure, ya ce: "Malam, wai mene ne amfanin ɗan majalisa in ban da rabon babura da buhunan shinkafa?" Na yi dariya, amma tambayar ta kwana a raina, domin mu ne muka koyar da su, kuma da alama akwai darasin da muka tsallake. Shi ya sa da kwamitin wannan mujalla ya nemi in yi rubutu, na ga ya dace in waiwayi asalin majalisa a ƙasar nan, yadda take ƙulla doka, da kuma ƙofofin da aka bar wa talaka ya shiga.

Lokacin da Gwamna Clifford ya kawo tsarin mulkinsa a 1922, kujeru 4 kacal aka ware na zaɓe a Majalisar Dokoki da ke Ikko: uku na Ikko, ɗaya na Kalaba. Ko a can ma, sai namiji mai samun fam 100 a shekara yake jefa ƙuri'a. Arewa kuwa ba ta cikin lissafi. Gwamna ne yake yi mata doka da alƙalaminsa, Razdan ya isar wa Sarki, Sarki ya isar wa hakimi, har ta sauko kan mai unguwa. Sai a 1947, ƙarƙashin tsarin Richards, aka buɗe Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, kuma aikinsu a farko bai wuce ba da shawara ba.

To, a wannan majalisa marar haƙori ne aka yi abin da har gobe nake so ɗalibai su sani. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta wanda ya taɓa shugabantar Midil ta Bauchi, ya miƙe ya gabatar da buƙatar a kafa kwamiti ya binciki tsarin mulkin En'e, a yi masa gyara. Ya taɓo yadda Sarki yake riƙe da iko shi kaɗai, da yadda cin hanci ya yi katutu, da yadda ba a tambayar talaka ra'ayinsa a kan harajin da yake biya. Sai mai karatu ya tuna cewa yawancin waɗanda ke zaune a zauren ma'aikatan En'e ne, abincinsu yana hannun waɗanda ake magana a kansu, ga kuma Turawan mulki a gefe suna sauraro. Duk da haka buƙatar ta tsallake, da tazarar ƙuri'a ɗaya tak. Daga nan aka yi bincike, aka soke tsarin Sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka ɗaure shi da majalisarsa, sannan aka yi babbar Dokar En'e ta 1954. A cikin wannan wata na Agusta ne kuma wasu samari suka kafa NEPU a Kano, suna faɗin kusan magana ɗaya a kasuwa da dandali. A ganina da wuya muryar cikin zaure ta yi tasiri in da babu ta waje.

Tsarin Macpherson na 1951 shi ne ya fara tambayar jama'a tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kafin taron Ibadan na 1950 inda wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tarayya, aka kuwa ba su. Amma zaɓen na hawa-hawa ne: ƙauye ya zaɓi wakili, wakilai su zaɓi na gaba, kafin a kai ƙarshe muryar mai garma ta dushe. Matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, duk da ɗauri da wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, suka kuma yi zaɓen tarayya a 1979. Wannan shi ne zaɓen da ni ma na fara dangwala yatsa, ina sabon malami, kuma na ga iyayenmu mata a layi sanye da mayafansu, wasu ba su san ko wace alama ce ta wa ba, amma sun ƙi komawa gida.

Duk lokacin da soja suka karɓi mulki, a 1966 da 1983 da 1993, majalisa ce ake fara rufewa. Kotu takan ci gaba da zama, ma'aikatu su ci gaba da aiki, amma doka ta koma dikiri, mutum kaɗan su rubuta da dare a wayi gari ta hau kan kowa. Wannan ne ya sa majalisa ta fi sauran sassan gwamnati ƙuruciya a ƙasar nan, mu ma talakawa ba mu saba da ita ba.

Yanzu bari mu dubi yadda abin yake a tsarin mulkin 1999. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, Majalisar Wakilai kuma 360. Ƙudurin doka yana iya fitowa daga ɓangaren zartarwa ko daga ɗan majalisa, kuma babu abin da ya hana ƙungiya irin tamu ta tsara nata ta miƙa wa wakilinta ya gabatar. Karatu na farko ambaton suna ne kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufar ƙudurin, a nan ne da yawa suke mutuwa. Haka aka yi wa gyaran tsarin mulkin da ya ƙunshi ta-zarce a Majalisar Dattawa ranar 16 ga Mayu, 2006, bayan sanatoci sun sha matsi daga mazaɓunsu. In ƙuduri ya tsira, sai a tura shi kwamiti, a bi shi sashe-sashe, a dawo da rahoto, a yi karatu na uku. Dole ɗaya majalisar ma ta amince da shi, in an sami saɓani a kafa kwamitin daidaitawa. Daga nan Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya mayar da shi doka ba tare da shi ba, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Gyaran tsarin mulki kuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Kusan wannan hanya ce ake bi a majalisar jiha, sai dai can zaure ɗaya ne, gwamna ke sa hannu.

Matakin kwamiti shi ne namu. A nan ake zaman jin ra'ayin jama'a, a sanar a jarida ko rediyo, a nemi takardun shawara. Na taɓa halartar irin wannan zama a wata majalisar jiha kan wani ƙuduri da ya shafi makarantun firamare. Zauren cike yake da jami'an ma'aikata da masu makarantun kuɗi, kowa da takardarsa a buge. Daga ƙaramar hukumarmu ni kaɗai ne, hannu rabbana. An ba ni minti uku, na yi magana kan azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa, shugaban kwamiti ya ce in kawo a rubuce, lokacin karɓa kuwa ya ƙare a ranar. Laifin nawa ne, ban shirya ba. Tun daga ranar na gane cewa magana a majalisa in ba a takarda take ba, iska ce.

Waɗanda suka shirya kuwa sun ga amfani. Dokar 'yancin samun bayanai ta shiga majalisa tun 1999, ta sha faɗuwa da tashi, 'yan jarida da ƙungiyoyi ba su gaji ba, har Shugaba Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayu na 2011. A ƙarƙashinta hukumar tarayya tana da kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani. Haka matasa suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Akwai kuma kiranye, wanda sashe na 69 ya tanada, amma kada mu ruɗi kanmu: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, ya rushe tun a wajen tantancewa.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. A tsohuwar majalisar Kaduna ana muhawara da Hausa da Turanci, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kai labari har ƙauye, mai karatu ɗaya ya karanta wa mutum goma a gindin bishiya. Sashe na 55 na tsarin mulkin yanzu ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, sashe na 97 kuma ya ba majalisar jiha dama ta ƙara harshen jama'arta. Amma ƙudurin doka da kundin kasafin kuɗi har yanzu da Turanci suke zuwa, manominmu kuwa ba ya jin sa.

Cikinku akwai lauyoyi da akantoci da injiniyoyi, wasu gidajensu ba su fi tafiyar minti goma zuwa majalisa ba. Shawarar da zan kawo gaban babban taro na bana ita ce a naɗa mutum biyar su riƙa bibiyar sanarwar kwamitoci, su samo kasafin jiha da zarar gwamna ya gabatar da shi a ƙarshen shekara, su tsamo abin da aka rubuta da sunan garinmu, su fassara shi da Hausa a shafi biyu, a karanta a fada da kasuwa. Sannan a gayyaci wakilanmu na jiha da na tarayya, kowane ya zo da jerin ƙudurorin da ya gabatar da yadda ya jefa ƙuri'a a kan na wasu. Ni na ɗauki nauyin fassarar ta shekarar farko, in Allah Ya ba ni lafiyar ido.