Tara ga Nuwamba: Rana Ɗaya, Labarai Barkatai



A yawancin rumfunanmu na nan Sabo akwai kalanda a rataye. Mukan duba ta ne don sanin ranar shigowar motar kaya, ko ranar zubin adashi, ko ƙarshen wata saboda kuɗin haya. To, yau mun ɗauko kwana ɗaya tak daga cikinta, wato 9 ga watan Nuwamba, mu bi sawunsa a tarihin duniya. Wasu abubuwan da suka auku a cikinsa katari ne kawai. Wasu kuwa mutane ne suka kitsa su, suka zaɓi ranar da gangan. Bambance waɗannan biyun shi ne amfanin wannan rubutu.

Mu fara da Faransa. A 1798 wani matashin janar mai suna Nafoliyon ya kai yaƙi Masar. Da al'amura suka cakuɗe masa, sai ya bar sojojinsa can ya sulale gida. Ya tarar mutum biyar ne ke riƙe da ragamar ƙasa, kuma jama'a sun gaji da su saboda rikici da tsadar rayuwa. Ranar 9 ga Nuwamba, 1799, shi da abokan shirinsa suka fara juyin mulki. Aka kwashe 'yan majalisa zuwa wajen birnin Faris da sunan wai ana kare su, kashegari sojoji suka tarwatsa su. Mutanen da suka kawar da sarki da sunan 'yanci, sai ga shi a 1804 Nafoliyon ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Ya rasu a tsare a tsibirin Sen Helena a 1821. Mu da muka sha wayar gari da kiɗan soja a rediyo, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Amma ƙasar da wannan rana ta fi bi ita ce Jamus, har su da kansu suna kiranta ranar ƙaddara.

A 1918 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shekara huɗu. Yunwa ta ci mutane, sojojin ruwa sun yi tawaye, ma'aikata sun cika titunan Berlin. Ranar 9 ga Nuwamba shugaban gwamnati, Max von Baden, ya ba da sanarwar cewa Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka, alhali shi sarkin bai ma gama amincewa ba. Da rana wani ɗan siyasa, Philipp Scheidemann, ya leƙo daga ginin majalisa ya shelanta jamhuriya. Bayan kamar awa biyu wani kuma, Karl Liebknecht, ya shelanta tasa jamhuriyar ta 'yan gurguzu. Ka ji fa, jamhuriya biyu a yini ɗaya. Sarki ya tsere Holan, inda ya zauna har ya mutu a 1941. Ranar 11 ga wata aka tsagaita wuta. Wannan faɗuwa ta taɓo mu, domin a sanadinta Jamus ta rasa Kamaru da Togo, Ingila da Faransa suka raba su. Daga cikin rabon Ingila ne yankin su Mubi ya zaɓi shigowa Nijeriya a 1961.

Sai dai akwai waɗanda ba su haɗiye wannan kaye ba. Suka riƙa yaɗa cewa ba a fagen daga aka ci Jamus ba, wai maciya amana ne a cikin gida suka soke ta ta baya, suna nuna 'yan siyasa da Yahudawa da yatsa. Ƙarya ce, don manyan hafsoshin da kansu suka nemi a tsagaita wuta. Amma ƙaryar ta samu kasuwa, musamman da kuɗin ƙasar ya lalace. 'Yan kasuwa, ku saurari wannan: a Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Mutum ya karɓi albashi da safe, kafin yamma ba ya sayen burodi. Wanda ya shekara talatin yana tari, ya wayi gari ajiyarsa ba ta kai kuɗin ashana ba.

A cikin wannan hali ne wani tsohon kofur mai suna Hitila ya ga dama ta samu. Daren 8 ga Nuwamba, 1923, ya kutsa wani babban ɗakin shan giya a birnin Munik inda shugabannin jihar ke taro, ya harba bindiga sama, ya ce juyin mulki ya fara. Kashegari, ranar 9 ga wata, shekara biyar cif da faɗuwar sarki, ya jagoranci mutanensa zuwa tsakiyar gari. 'Yan sanda suka buɗe wuta. Mutum 16 suka mutu a ɓangaren masu maci, 'yan sanda 4 suka rasa rayukansu. Aka kama Hitila, aka yanke masa shekara biyar, amma bai cika shekara ɗaya bayan hukuncin ba aka sake shi. Alƙalan sun tausaya masa, sun bar shi ya mai da kotu dandalin wa'azin siyasarsa. A gidan yarin ya fara littafinsa, ya kuma gane cewa ta akwatin zaɓe zai fi saurin kaiwa. Ranar 30 ga Janairu, 1933, aka naɗa shi shugaban gwamnati. Daga nan 9 ga Nuwamba ta zama ranar bikin jam'iyyarsa ta Nazi, duk shekara sai sun taru a Munik.

Wannan taron shekara-shekara shi ya kai mu ga dare mafi muni. Ranar 7 ga Nuwamba, 1938, wani yaro Bayahude ɗan shekara 17, wanda aka kori iyayensa daga Jamus aka jibge su a bakin iyakar Folan, ya shiga ofishin jakadancin Jamus a Faris ya harbi wani jami'i, Ernst vom Rath. Jami'in ya cika ranar 9 ga wata, daidai lokacin da manyan Nazi ke bikinsu. Ministan farfaganda, Goebbels, ya tashi ya yi jawabin da kowa ya fahimci inda ya dosa: jam'iyya ba za ta fito fili ta shirya komai ba, amma ba za a hana kowa ba. Kafin gari ya waye umarni ya zaga ƙasa ta waya.

A daren nan da yinin da ya biyo baya aka farfasa shaguna kusan 7,500 na Yahudawa, aka ƙone ko aka lalata ɗaruruwan wuraren ibadarsu a Jamus da Ostiriya. Gilasan shagunan da suka cika tituna su suka ba daren sunansa, daren fasassun gilasai. Hukuma ta ce mutum 91 aka kashe, masana tarihi sun nuna adadin ya zarce haka nesa. Aka kwashe maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. 'Yan kwana-kwana sun zo, amma aikinsu shi ne kada wutar ta tsallaka gidan maƙwabcin da ba Bayahude ba. Abin bai tsaya nan ba. Gwamnati ta ci waɗanda aka zalunta tarar mak biliyan ɗaya, ta kwace kuɗin inshorar da ya kamata a biya su, ta kuma tilasta musu gyara ɓarnar da aljihunsu. Laifin yaro ɗaya a wata ƙasa, aka ɗora shi a kan al'umma sukutum. Mutanen nan fa a ƙasar aka haife su, wasunsu ma sun yi wa Jamus yaƙi a 1914. Kafin 1945 an hallaka Yahudawan Turai kimanin miliyan shida.

Duk da haka, ko a wannan dare an samu mai tsoron Allah. A Berlin 'yan sandan wani ofishi da Wilhelm Krützfeld ke shugabanta suka kori masu cinna wuta daga babban wurin ibadar Yahudawa da ke titin Oranienburger, suka ce gini ne da doka ta kare, suka sa aka kashe wutar. Krützfeld bai rasa ransa a kan haka ba, faɗa kawai ya sha daga na sama. Ashe da an samu irinsa da yawa, da labarin ya sauya.

Mu ɗan fita daga Jamus. Ranar 9 ga Nuwamba, 1953, Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud ya rasu a Ɗa'ifa. Shi ne ya ƙwace Riyad a 1902 da mutane 'yan kaɗan, Makka ta shigo hannunsa a 1924, ya haɗe ƙasar da sunan Saudiyya a 1932, kuma a zamaninsa aka tono man fetur a 1938. An binne shi a Riyad, 'ya'yansa ne ke gadon sarautar har yau. A wannan rana dai, can gabashin Asiya, ƙasar Kambodiya ta karɓi 'yancinta daga Faransa. Gida ɗaya ana zaman makoki, wani gidan ana biki.

Ranar 9 ga Nuwamba, 1970, Janar Charles de Gaulle ya rasu a gidansa na ƙauye. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun san shi sarai. A 1940, da Jamus ta mamaye Faransa ya gudu Landan, Chadi a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué tana cikin yankunan farko da suka mara masa baya. Shi ne kuma ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 1958, inda Gini ta ce a'a ta ɓalle nan take, Djibo Bakary ya nemi Nijar ma ta ce a'a amma bai yi nasara ba, sai 3 ga Agusta, 1960 ta samu 'yanci.

To, sai 1989. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an raba Jamus gida biyu, ta Gabas a hannun 'yan gurguzu, ta Yamma tare da Amurka da ƙawayenta. Da mutanen Gabas suka yi ta guduwa, sai hukumarsu ta fara gina katanga ranar 13 ga Agusta, 1961, ta kewaye Berlin ta Yamma, tsawon kusan kilomita 155. Uwa a wannan gefe, ɗa a wancan. Aƙalla mutum 140 suka mutu a sanadin katangar. A 1989 jama'a suka fito zanga-zangar lumana mako bayan mako, gwamnati ta rasa yadda za ta yi, ta shirya sassauta dokar tafiye-tafiye. Da yammacin 9 ga Nuwamba aka miƙa wa kakakinta, Günter Schabowski, takarda ya karanta wa 'yan jarida, shi kuwa bai halarci zaman da aka tsara ta ba. Aka tambaye shi yaushe dokar za ta fara aiki. Ya jujjuya takardunsa, ya ce a iya saninsa nan take. Alhali sai kashegari aka shirya, kuma da neman izini. Baki shi ke yanka wuya. Dubban mutane suka yi dafifi a mashigai. A mashigar titin Bornholmer jami'in da ke aiki, Harald Jäger, ya yi ta buga waya bai samu umarni tsayayye ba. Da ya ga za a tattake juna, kuma bai yarda a yi harbi ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare ya ce a buɗe. Katangar shekara 28 ta faɗi ba a harba harsashi ba.

Ga wani abin lura. Da aka zo haɗe ƙasar, an kawo shawarar a mai da 9 ga Nuwamba ranar ƙasa. Aka ce ina, ba za a yi shagali a ranar da aka ƙone shagunan maƙwabta ba. Sai suka ɗauki 3 ga Oktoba, ranar da haɗewar ta tabbata a 1990.

Na ƙarshe da za mu kawo ya faru a Amman, babban birnin Jodan, ranar 9 ga Nuwamba, 2005. 'Yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a otal uku, ɗaya a tsakiyar walimar aure, mutum kusan 60 suka mutu. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Mustafa Akkad, wanda ya shirya fim ɗin Ar-Risala da na Umar Mukhtar, waɗanda da yawanmu muka kalla. 'Yarsa ta rasu nan take, shi kuma ya cika bayan kwana biyu.

Yanzu me za mu ce? Kada wani ya karanta wannan ya ce ranar tana da nahisa, ya ƙi buɗe rumfa ko ya ɗage tafiya. Ba mu camfa rana. Duk ranar da ka ɗauka a kalanda ka tona, za ka samu haihuwa da mutuwa, naɗi da tuɓewa. Da ma da lissafin watan Hijira muka bi, waɗannan abubuwa da sun warwatse a watanni daban-daban. Rasuwar Abdul'aziz da ta de Gaulle da faɗuwar katanga duk katari ne. Amma 1918 da 1923 da 1938 igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma mutane ne suka tufka ta: ƙaryar da aka bari ta yi jijiya, kuɗin da ya lalace har aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kotun da ta yi sassauci inda bai dace ba, da maƙwabtan da suka tsaya kallo.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu, jarinmu a rumfa, 'ya'yanmu a nan aka haife su, mun san yadda rigimar mutum biyu a bakin kasuwa kan rikiɗe ta zama ta ƙabila kafin azahar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saƙon da ya shigo wayarka yana cewa su wane sun yi kaza, tsaya ka bincika kafin ka tura. In yaronmu ya yi laifi, mu kai shi gaban Sarkin Hausawa da hukuma, kada mu ɓoye shi. In na maƙwabta ne ya yi, shi kaɗai za a tuhuma, ban da danginsa. Haka kuma mu ja kunnen 'yan'uwanmu na gida game da baƙin da ke zaune a cikinsu, don abin da muke so a yi mana a nan, shi ya kamata a yi musu a can. Krützfeld da Jäger ba sarakuna ba ne, ma'aikata ne da dare ya riske su a bakin aiki, kowannensu ya zaɓi kada a cuci mutane a gabansa.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.