Kalmomin Zamanin Kafin Tarihi a Ma'aunin Ƙasar Nok

Darasin farko da ɗalibin tarihi yakan ci karo da shi a jami'a na kalmomi ne: zamanin kafin tarihi, zamanin dutse, zamanin tagulla, zamanin ƙarfe, al'ada, wayewar kai. Akan kawo masa misalai daga Misira da Iraƙi da ƙasar Girka, ya haddace, ya amsa jarrabawa. Abin da ba a cika jaddada masa ba shi ne, in ɗan Fadan Kaje ne ko Zonkwa ko Kafancan, to a bisa ɗaya daga cikin manyan misalan nahiyar Afirka ya yi rarrafe. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗauki waɗannan kalmomi, waɗanda aka ƙera a Turai domin auna abin da aka tono a can da kuma Gabas ta Tsakiya, mu aza su a kan abin da ƙasar Kudancin Kaduna ta fitar, mu ga inda suka zauna daidai da inda suka goce.

Bari mu fara da ita kalmar "kafin tarihi". A wajen masana, ma'anarta ita ce zamanin da al'umma ta rayu ba ta bar rubutu ba. Ke nan iyakarsa ba ɗaya ba ce a duniya. A ƙasar Sumer, wato kudancin Iraƙi ta yau, an fara rubutu a kan allunan yumɓu wajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya, Misira ma ba ta yi nisa da haka ba. Amma a ƙasar Bajju, waɗanda Hausawa suka saba kira Kaje, rubutaccen bayani mai tsawo bai samu ba sai a ƙarni na 20, lokacin da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan suka shiga rubuce-rubuce, littafin C. K. Meek da ya yi magana a kan Katab da maƙwabtansu, alal misali, a 1931 ya fito. In aka bi ma'aunin rubutu sau da ƙafa, sai a ce kakannin kakanninmu na jiya-jiyan nan mutanen "kafin tarihi" ne, alhali Bajju suna riƙe da labarin kakansu Baranzan da ƙaurar da ta kawo su daga wajen tsaunukan Filato. Haɗarin kalmar a nan yake. Kunne ba ya wuyar juya "kafin rubutu" ya zama "babu tarihi", kuma an taɓa juya ta: a 1963 wani shehin malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya yi iƙirarin cewa abin da ake da shi na tarihin Afirka shi ne na Turawan da suka shigo ta. A lokacin da yake wannan furuci, gidan tarihi na Jos ya shekara 11 a buɗe, cike da amsarsa.

Ga yadda amsar ta fito. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham ko Jaba, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Baturen ma'adinan, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya kula. A 1943 sai aka sake tono wani kan, wannan karon na mutum, a wata mahaƙa kusa da Jama'a. Magatakardan da ya same shi ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Harshen Hausa ya yi mana gata a nan, domin da sassaƙen da ake girmamawa da abin da ake kafawa a gona don razana tsuntsu duk mutum-mutumi muke ce musu. Daga gonar ne kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilmin kufai a Ingila. Da ya haɗa shi da na 1928 sai ya ga hannu iri ɗaya ne ya gina su. Siffar da aka fi sanin sassaƙen Nok da ita ita ce ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, da hudajjen hanci, da kitso da ado na duwatsun wuya waɗanda aka fitar dalla-dalla. Fagg ne ya raɗa wa abin suna "al'adar Nok".

"Al'ada" a bakin masanin kufai ba ta da faɗin da take da shi a bakinmu na kullum. Abin da yake nufi kawai shi ne tarin kayayyaki masu kama da juna, tukwane da gatura da sassaƙe, da ake samu tare a wani yanki cikin wani zamani. Akan kuma ba su sunan wurin da aka fara ganin su. An sami irin kayan Nok tun daga Kagara a Jihar Neja har Katsina-Ala a Jihar Binuwai. Saboda haka sunan bai ce Nok ce hedkwatarsu ba, bai ce harshensu ɗaya ba, bai kuma tabbatar da cewa Ham ko Bajju ko Atyap na yau jikokinsu ne kai tsaye ba. Mun san wannan magana ba ta yi wa wasu daɗi, musamman a yankin da tambayar wanda ya riga wani zama takan tayar da jijiyar wuya. Amma tsakanin ɓacewar sassaƙen da farkon labaran baka da ake riƙe da su akwai tazarar da ta haura shekara dubu, kuma tsingaro ba ya faɗin yaren wanda ya gina tukunyar.

To yaya aka san shekarunsu? Hanya ta farko ita ce lura da hawa-hawan ƙasa: abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke bisansa, kamar yadda jujin gida yake taruwa. Wannan hanya ta ba Fagg wahala ainun, domin kayan farko duk a cikin tsakuwar kuza aka same su, inda ruwa ya kwaso su ya cakuɗa. A rami guda ana iya samun gatarin dutse na mutanen da suka rayu dubun-dubatar shekaru kafin Nok, kusa da guntun ƙarfe. Hanya ta biyu ta zo ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Willard Libby a Amurka ya gano awon sinadarin kabon-14. Duk mai rai yana shan wannan sinadari. In ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yakan tafi cikin shekara kimanin 5,730. Gawayi ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi ta isa a auna. Tsofaffin littattafai sun sa Nok tsakanin 500 kafin Miladiyya da 200 bayanta. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig da haɗin gwiwar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya tura farkon baya zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya. Sassaƙen ya bayyana ne wajen 900, sa'an nan komai ya dusashe daf da shigowar Miladiyya.

Inda ma'aunin Turai ya fi gocewa shi ne rabon zamunna uku. Wani mai kula da gidan tarihi a Denmak, Christian Thomsen, shi ya tsara kayan da ke hannunsa zuwa na dutse da na tagulla da na ƙarfe, ya buga tsarin a 1836. Ya dace da Turai, ya dace da Gabas ta Tsakiya, inda aka shafe fiye da shekara dubu ana haɗa jan ƙarfe da kuza a sami tagulla kafin a iya narka tama. A ƙasar Nok babu wannan matakala ta tsakiya. Abin mamaki ma, mutanen nan a kan kuza suke zaune, amma babu alamar sun taɓa haɗa ta da jan ƙarfe su sami tagulla. Daga dutse suka shiga ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, da bututun yumɓu na hura iska da tarin kashin maƙera, kuma awo ya nuna ana wannan aiki a yankin tun wajen tsakiyar shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya. Shahararriyar tagullar Igbo-Ukwu kuwa sai wajen ƙarni na 9 ko na 10 na Miladiyya aka zuba ta. Daɗin daɗawa, zuwan ƙarfe bai kori dutse ba. An ci gaba da wasa gatarin dutse ana sara da shi. Irinsa ne manomi yakan tsinta a gona bayan ruwa ya ce gatarin aradu ne ya faɗo daga sama. Ko fasahar tama daga arewacin Afirka ta ƙetaro Sahara, ko a nan aka ƙago ta, masana suna kan muhawara har yau.

Akwai kuma abin da Gordon Childe ya kira juyin noma, wato ranar da ɗan'adam ya daina dogaro ga farauta da tsince-tsince ya koma shuka da kiwo. Abin da aka tace daga tokar murahun Nok ya nuna gero ne babban abincinsu, sai wake da 'ya'yan atile. Gero ɗan Sahel ne, an fara noma shi a arewacin Mali tun wajen 2500 kafin Miladiyya, wanda ya sa ake ganin daga arewa manoman Nok na farko suka gangaro. Acca, wadda ake ji da ita a yankin yanzu, sai a mazaunan da suka biyo bayansu ta bayyana. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol suka bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron da aka sami ragowar maiƙo a jikinsa yana ɗauke da kakin zuma. Manoman suna shuka, suna kuma shiga daji cin zuma, don haka kalmar "juyi" ta yi wa abin kaifi da yawa. Batun dabbobin gida kuwa ƙasar ce ta haɗiye shaidar, domin tsaminta yana narkar da ƙashi.

Saura wayewar kai, kuma ita ce kalmar da ta fi nauyi. Tushenta a harsunan Turai daga kalmar ɗan birni yake, haka ma "tamadduni" na Larabci daga madina. A 1950 Childe ya jera alamomi goma na juyin birni, cikinsu har da babban gari, da manyan gine-gine, da rubutu, da haraji, da masu sana'ar da ba sa noma. Uruk da Misira da Mohenjo-Daro sun cika yawancinsu. Nok fa? Ba a tono ganuwa ko fada ko rubutu ba; mazaunan da aka samu ƙanana ne, kamar gidajen gona a warwatse. Amma binciken yumɓun ya nuna wanda aka gina sassaƙen da shi ya bambanta da na tukwanen girki, kuma ya yi kama da juna a wurare masu nisa, abin da ke nuna ƙwararru ne na musamman suke aikin. Salo guda ya ɗore ƙarnuka a faɗin ƙasa mai yawa ba tare da wani sarki da muka ga alamarsa ya tilasta shi ba. A ganinmu jerin Childe bayanin hanya ɗaya ce da wasu al'ummu suka bi. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta yi mulki ba da haruffa ba, da igiyoyi masu ƙulli take lissafi. Jenne-Jeno ta Mali kuma, wadda aka kafa wajen 250 kafin Miladiyya, ta girma ta zama birni ba a ga kufan fada a cikinta ba.

Me sassaƙen yake nufi ga masu shi? Kusan duk wanda masana suka tono da hannunsu a farfashe yake, a zube cikin rami, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da tukwane da ake kyautata zaton kaburbura ne. Wannan ya sa ake danganta shi da jana'iza ko girmama magabata. Irin wannan fahimta daga mazaunin abu take fitowa, wato inda yake kwance da abin da ke kewaye da shi, kuma shi ne abin da ake hallakawa in an yi haƙar sata. A shekarun 1990 an yi wa kufan Nok wawaso, aka fitar da sassaƙe masu ɗimbin yawa zuwa kasuwannin Turai. A shekara ta 2000 aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, har sai da Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro. Masana na Frankfurt sun tarar da yawancin wuraren da suka ziyarta an riga an farke su. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da abokin aikinsa a kusa da Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon da ake yi a wannan daji ya tsaya daga nan.