Gwaji Mai Bin Ƙwazon Ɗalibi da Matsalar Harshe a Obiagu

Jarrabawar da muka saba da ita tambayoyi iri ɗaya take yi wa kowa. Gwaji mai bin ƙwazo kuwa tafiya yake yi da ɗalibi: in ya amsa daidai, kwamfuta ta miƙo masa wadda ta fi tsauri, in ya kuskure ta sassauta, har ta gano inda ƙarfinsa ya tsaya. Tushen tunanin yana cikin gwajin Alfred Binet na 1905, lissafinsa kuma ya ginu a kan aikin Georg Rasch na 1960 da na Frederic Lord. Ga Bahaushe abin ba baƙo ba ne, don malamin tsangaya ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya biya abin da ke allonsa. Kada dai a rikita shi da jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta ɗungurungum a 2015, amma amsar ɗalibi ba ta sauya tambayar gaba.

Gwamnatin Peter Mbah ta ƙuduri gina makarantun zamani 260 a Jihar Enugu, saboda haka irin wannan gwaji ba zai yi wuyar isowa ba. Abin dubawa shi ne ɗan Bahaushen unguwar Obiagu da ke birnin Enugu: Hausa a gida, harshen Ibo da buroka a kasuwa, Ingilishi a aji. Yaron da ke ba da canji a teburin albasar mahaifinsa ya iya ɗebewa sarai. A jefa masa lissafin nan cikin doguwar jimlar Ingilishi, sai ya faɗi. Kwamfuta ba ta san dalili ba. Za ta saukar da shi mataki, ta rubuta cewa lissafi ne bai iya ba. Wuyar kowace tambaya ana auna ta ne a kan yaran da aka fara gwada ta da su. In babu irinsa a cikinsu, ma'aunin ya karkace tun daga tushe.

A ganina Kano ta fi kusa da mafita. Shirin KaLMA, da aka soma a Wudil da Dawakin Tofa a 2019, ya bi salon ƙungiyar Pratham ta Indiya: malami ya zauna da yaro ɗaya, ya ba shi karatu da Hausa, ya haura da shi zuwa labari ko ya sauko zuwa kalma da harafi, sannan a raba yara bisa matakinsu. Ba a bukatar lantarki.

Kafin a saka ɗan Obiagu gaban kwamfuta, ya kamata hukumar ilimin firamare ta Enugu ta gwada tambayoyinta a kan yaran unguwannin Hausawa, ta kuma auna lissafi daban da Ingilishi.